Harantama Ba Ta Roƙi Kowa Ruwa Ba

Ina roƙon Malam Edita ya ba ni ɗan fili a cikin wannan mujalla tamu, in yi magana da 'yan'uwana ɗalibai da malamanmu a kan wata 'yar ciyawa. Na sani waɗansu za su yi dariya, su ce duk damuwar da ke cikin kwaleji wannan ya rasa abin rubutawa sai ciyawa. To, a yi haƙuri a karanta tukuna, domin zancen ciyawan nan zancen ruwa ne, kowa kuwa ya taɓa kwana a Mubi cikin watan Maris ya san ruwa ba abin wasa ba ne.

Ga abin da ya tsokano ni. Ran wata Asabar cikin bazarar bara ajinmu ke da aikin share fili. Aka raba mu kashi biyu. Kashin farko aka ba su bokitai, su ɗebo ruwa daga rijiyar burtsatse su ba furannin wardi da ciyawar ado da ke gaban ofis. Mu kuwa aka miƙo mana fartanyu, aka ce mu kankare gindin katangar ɗakunan kwana, kada mu bar ko tsinke. Na ƙirga da idona, bokiti ashirin da huɗu aka zuba wa wardin nan da safiyar ran nan kaɗai, alhali ga layin jarkoki a bakin rijiya, na masu neman ruwan wanka, har da yaran unguwa da uwayensu suka aiko. Wardin kuwa, duk da wannan hidima, in ka gan shi sai ka tausaya masa. Ni kuma da na duƙa gindin katanga, sai ga harantama ta shimfiɗu kore shar, daidai inda ruwan wanke hannu ke ɗan malala, ta ɗaga furanninta sama, malam-buɗe-littafi guda uku suna ta kai da kawowa a kanta. Ba wanda ya shuka ta, ba wanda ya taɓa ɗaukar bokiti dominta. Na sa fartanya na kankare ta, gama haka aka umurce ni. Amma tun daga ran nan abin bai bar raina ba.

Abin da na ke so in faɗa shi ne, mun juya al'amari. Muna kashe ƙarfinmu da ruwanmu a kan furen da ƙasarmu ba ta karɓe shi ba, muna kuma yaƙi da wanda ya zauna daram. Ni a ganina ya kamata lambun kwalejin horon malamai ya zama misalin abin da malami zai iya yi a makarantar ƙauye inda ba famfo, ba burtsatse, ba kuɗin sayen ruwa wurin 'yan garuwa. In ba haka ba, me mu ke koyo a cikinsa?

Bari in kwatanta ta, don wanda ya san ta da ido amma bai san sunanta ba. Ciyawa ce mai rarrafe, ba ta miƙewa tsaye. Ganyenta bibbiyu ne suna fuskantar juna, gefensu da tsage-tsage kamar haƙoran zarto, in ka shafa sai ka ji kaushi sabo da gashi-gashin da ke jiki. Daga cikin ganyen sai wani siririn kara ya tashi, tsawonsa kamar taƙi ɗaya ko ya ɗara, da fure guda a bisansa, bai fi maɓallin riga girma ba. Tsakiyarsa rawaya, kewaye da 'yan kunnuwa farare masu sirkin ruwan madara, sau da yawa guda biyar, kowane kunne bakinsa ya rabu uku. Turawa na sa ta cikin furannin da su ke kira dezi, suna kuma yi mata laƙabi da maɓallin kwat. Masana ilmin tsiro suna ce mata Tridax procumbens, sunan da wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Linnaeus, ya raɗa mata a shekarar 1753. Kalmar farko tana nuni ga bakin nan da ya rabu uku, ta biyun kuwa ma'anarta mai kwanciya a ƙasa. Ashe har masana ba su yi wani abu ba illa duba ta da kyau su faɗi abin da suka gani.

Asalinta ba na nan ba ne. Daga ƙasashen Amurka masu zafi ta fito, wajen Meziko da maƙwabtanta, ta bi jiragen ruwa da buhunan iri har ta game Afirka da Indiya da sauran ƙasashe masu zafi. Kada wannan ya sa wani ya ce ai baƙuwa ce, a kore ta. Masara baƙuwa ce, gyaɗa baƙuwa ce, haka rogo da tumatir da barkono, duk daga can suka zo. In za mu kori baƙi daga tukunyarmu, da yawa za su kwana da yunwa a Kasuwar Mubi.

Yanzu ga abin da ya fi ɗaukar hankalina game da ita, ni da na ke shirin zama malami. Sa'ad da aka tura mu gwajin koyarwa, na faɗa wata makarantar firamare a wani ƙauye ta hanyar Maiha. Aka ba ni 'yan aji biyar, aka ce in koya musu sassan fure. Ranar farko na yi yadda aka yi mini: na zana fure a allo, na ja kibiyoyi, na rubuta sunaye, yara suka maimaita bayana da babbar murya har rufin aji yana amsawa. Kashegari na tambaye su, ba wanda ya tuna ko ɗaya, sai wani yaro da ya ba ni sunayen daidai amma ya sa kowanne a gurbin ɗan'uwansa. Na koma masauki raina a ɓace. Da dare na tuna da abin da wata tsohuwar malama ta yi mana a makarantar mishan inda na yi firamare, wadda ba ta yarda ta yi maganar tsiro sai tsiron yana kan tebur. Da gari ya waye na ce wa yaran kowa ya fita bayan aji ya tsinko furen harantama guda biyu, ɗaya ɗanye, ɗaya wanda ya bushe ya yi gashi. Kafin in juya sun dawo, don ga ta nan birjik.

Na ce kowa ya sa farce ya tsaga ɗanyen a tsakiya, ya baje shi a kan farar takarda. Aji ya yi tsit. Can sai wata yarinya ta ce, "Malam, ai nawa ya wargaje, ƙanana ne da yawa a ciki." Na ce to, abin da na ke so ku gani ke nan. Abin da mu ke kira fure ɗaya ba ɗaya ba ne, taron furanni ne a kan faifai guda, kamar gari a cikin ganuwa. Kowane ɗan rawaya na tsakiya cikakken fure ne, da ɗan bututunsa, da wurin da garin fure ke fita, da wurin da ya ke sauka, da ƙwayar da za ta zama iri a gindinsa. Fararen kunnuwan gefe su ma furanni ne, sai dai aikinsu ya fi ƙarfi wajen kiran baƙi, kamar masu shela a bakin kasuwa, don ƙwaro ya hango daga nesa ya zo. Na sa su ƙirga. Kowa ya sami fiye da ashirin, waɗansu suka haura talatin, gardama ta kaure a kan wanda nasa ya fi yawa. Wani ya lura da kansa cewa na bakin da'ira sun buɗe, na can tsakiya kuwa ba su buɗe ba tukuna, haka kuwa abin ya ke, daga waje su ke farawa su bi da bi zuwa ciki, shi ya sa kai ɗaya kan yi kwanaki yana ciyar da ƙwari.

Sa'an nan muka koma kan busasshen. Kowane iri yana da 'yar lema ta gashi a kansa. Na ce su hura. Aji ya cika da iri yana shawagi, yara na dariya, hedimasta ya leƙo ya ga ko faɗa a ke. Bayan mako biyu na sake tambayarsu, ba wanda ya manta. Gani ya kori ji. Ban kashe ko kwabo ba, kuma ban jira wani ya aiko da kayan koyarwa daga Yola ba.

Wanda ya gane ginin furen harantama ya sami mabuɗin dangi guda, kuma ba ƙaramin dangi ba ne, yana cikin mafiya girma a duniyar tsiro, irinsa ya haura dubu ashirin da biyar. Shuwakar da mu ke miya da ita 'yar dangin ce, ku duba furenta in ta yi. Latas ɗin da a ke nomawa a lambu haka. Kashin yawo mai maƙale wa mutum a wando shi ma ɗan gidan ne, kuma shi ma daga Amurka ya zo. Akwai babban furen nan mai kama da faifai da a ke kira sanfulawa, wanda a ke matse mai daga irinsa. Akwai tazargade da a ke sayarwa wurin masu magani. Wani ɗan'uwan tazargade na ƙasar Sin shi ne wanda wata masaniya, Tu Youyou, da abokan aikinta suka fitar da maganin zazzaɓin cizon sauro daga ganyensa a shekarar 1972, aka ba ta lambar Nobel a 2015, kuma asalin ƙwayoyin da a ke ba mu a asibiti ke nan in zazzaɓi ya kama mu. A tsaunukan Kenya kuma manoma na noman wani farin dezi, a shanya furensa a yi maganin ƙwari da shi. Duk wannan darasi malami zai iya faro shi daga ciyawar da ke bayan ajinsa.

To, yaya ta ke jure fari? Dabarunta ba ɓoyayyu ba ne. Tana da saiwa guda mai nitsewa ƙasa, wadda ke kai wa ga damshin da ciyayi masu saiwar sama ba su isa gare shi ba. Gashin jikin ganye yana tare iska, yana rage saurin fitar ruwa. Kwanciyar da ta ke yi tana kare ta daga iskar hunturu, tana kuma yi wa gindinta inuwa, ƙasar ba ta bushewa da wuri. In kuwa fari ya yi tsanani ya fi ƙarfinta, ta riga ta yi tanadi, don gindi ɗaya kan iya zubar da iri har 1,500, iska ta raba su. Irin nan yana son haske kafin ya tsira, wanda ya nitse cikin ƙasa sai ya yi kwance. Ku riƙe wannan, zai yi mana amfani can gaba.

Kada in yi ƙari. Ban ce harantama na rayuwa ba ruwa sam ba. A fili fetal, cikin tsakiyar bazara, ita ma takan ƙone. Abin da na gani shi ne, tana daɗewa kore bayan sauran ciyayi sun zama ƙaiƙayi, kuma inda duk akwai ɗan damshi, ko bakin kwata ne, ko gindin randa, ko inda a ke alwala, tana iya fure daga kaka har faɗuwar ruwa. Abin da wardi ke sha a rana ɗaya ya ishe ta mako.

A nan ya kamata mu tambayi kanmu, ina muka samo wannan al'ada ta wardi da shimfiɗar ciyawa a gaban ofis? Gado ne. Ƙasan nan tamu Jamusawa suka fara riƙe ta, sa'an nan Ingilishi, har ƙuri'ar raba gardama ta 1961 da ta sa muka shiga Nijeriya, Mubi ta zama hedkwatar Lardin Sardauna. Turawan mulki da na mishan kowa ya zo da kewar gida, ya shuka abin da zai tuna masa da garinsu. Ban ga laifinsu ba, ni ma in an kai ni Ingila zan nemi inda zan soka kuɓewa. Amma ga abin mamaki. Ruwan da ke sauka a Landan a shekara wajen milimita 600 ne, na Mubi kuwa yakan kai 900 ko ya ɗara. Watau mun fi su ruwan sama. Bambancin shi ne nasu yana zuwa kaɗan-kaɗan cikin kowane wata, ga sanyi, ƙasa ba ta bushewa. Namu kuwa yana zubowa ne tsakanin Mayu da Oktoba, sa'an nan sama ta rufe wata shida, kogin Yedzaram ya koma rairayi, zafi ya kai awo 40 cikin Maris da Afrilu. Lambun da aka tsara don Landan ba zai zauna a gindin duwatsun Mandara ba sai da bokiti, bokitin kuwa kan ɗalibi ya ke hawa. Mutanen Afirka ta Kudu sun gane wannan. Suna da wani yanki busasshe, Namakwaland, inda dezi na daji ke rufe ƙasa cikin Agusta da Satumba, har baƙi na zuwa kallo daga ƙasashe, kuma daga dajinsu aka ɗebi irin dezi da dama da Turawa ke ado da su yau a lambunansu.

Akwai wani abu kuma da ba na mantawa. Cikin Oktoba na 2014, sa'ad da 'yan Boko Haram suka shiga Mubi, ina yaro, muka gudu kamar kowa. Ba mu dawo ba sai cikin rani. Na je na leƙa tsohuwar makarantarmu. Furannin da muka yi shekaru muna yi wa ban ruwa duk sun mutu, sai kututture. Amma a tsagar siminti, bakin matakalar aji, ga harantama da furenta. Ban san sunanta na boko ba a lokacin, ban kuma ɗauke ta a bakin kome ba, sai dai na tsaya na dube ta. Makarantu da yawa a ƙasan nan an sake gina su bayan wannan masifa, an sa kwano, an yi fenti, amma filinsu ƙura ce tsantsa. Can za a tura mu. Ya kamata mu tafi da sanin abin da zai rayu ko an yi hutun wata guda ba mai ba shi ruwa.

Na san abin da 'yan sashen aikin gona za su ce, kuma suna da gaskiya. Za su ce harantama ciyawa ce mai cutar amfanin gona. Haka ne. Tana shiga gonar gyaɗa da masara da auduga, tana cin taki da damshin da aka tanada don shuka, tana kuma ba waɗansu ƙwarin gona mafaka. Gwamnatin Amurka ma ta sa ta cikin jerin miyagun ciyayin da aka hana shiga da su ko yawo da su. Dangin nan kuwa suna da tarihin ɓarna. Ciyawar da mutanen kudu suka laƙaba wa sunan Akintola, waɗansu su ce Awolowo, 'yar dangin ce, daga Amurka ta zo ta mamaye gonaki da makiyaya. Akwai kuma wata doguwa mai rawayan fure, 'yar Meziko, da aka kawo don ado, yau ta cinye gefen hanyoyin ƙasar Yarabawa. Sabo da haka ba na goyon bayan kowa ya ɗauko baƙon iri daga wata ƙasa don ya gan shi da kyau a hoto. Wannan ganganci ne.

Amma harantama ba yau ta zo ba, kuma ko mun so ko mun ƙi tana nan. Kankarewar da mu ke yi ran Asabar ba ta rage ta, hasali ma taimakonta mu ke, don mukan bar ta sai ta yi gashi sa'an nan mu buge ta da fartanya, iri ya tashi, ya sauka a kan ƙasar da muka share masa tas, ga haske ga sarari, abin da ya ke so ke nan. Mai hankali sai ya yi mata iyaka. A keɓe mata kwali guda, a kewaye da duwatsu ko fasassun bulo, nesa da gonar kwaleji. A riƙa yanke kawunan da suka fara bushewa kafin su yi gashi. Inda ba a son ta, a rufe ƙasa da ciyawa busasshiya ko ɓawon gyaɗa, tun da irinta ba ya tsira a duhu. Wannan ya fi kankara sauƙi, ya kuma bar wa ƙasa damshinta.

Abin da aka yanke kuma ba na zubarwa ba ne. Duk mai kiwon zomo a Nijeriya ya san harantama, tana cikin ganyayen da zomaye suka fi so, kuma ana samunta lokacin da sauran ganye ya yi wuya. A yanko da safe, a bar ta ta ɗan yi yaushi a inuwa, a haɗa da dusa da harawa. Ga makarantar ƙauye, keji guda da zomaye biyu ya isa darasin kiwo, da na lissafi, da na riƙon amana, don dole a yi jerin masu ba su abinci har ran Lahadi. Awaki da tumaki ma suna ci.

Wani zai tuna mini cewa ana matse ganyenta a kan sabon rauni don jini ya tsaya. Gaskiya ne ana yi, a nan da Indiya, mu ma mun yi muna yara in fartanya ta sare mu. Amma ina gargaɗin 'yan'uwana, in kun zama malamai, yaro ya ji ciwo a hannunku, ku wanke da ruwa mai tsabta da sabulu, ku ɗaure, in mai zurfi ne ku kai shi asibiti a yi masa allurar tetanus. Ganyen da ya tsiro a bakin kwata ba abin sa wa ɗan wani a rauni ba ne.

Saura maganar ƙwari, wadda na ga ba a cika kula da ita ba. Ƙudan zuma da malam-buɗe-littafi ba su hutun rani. In ciyayi sun bushe, an kuma sa wa daji wuta, abincinsu yakan yi ƙaranci, fure kaɗan da ya rage shi ke riƙe su. Mu kuwa muna bukatarsu. Kabewa da kankana da gurji furen namiji dabam ne, na mace dabam, in ƙwaro bai ɗauki gari daga wannan ya kai wa wancan ba, sai ɗan ya yi yaushi ya faɗi. Masu lambun rani a bakin Yedzaram da wannan aiki su ke ci, ko sun sani ko ba su sani ba. Kwalin fure a makaranta ba zai ceci duniya ba, amma yaron da ya zauna minti goma yana ƙirga ƙwarin da suka sauka a kan harantama, in ya girma zai yi tunani kafin ya fesa magani a kan kabewa tana tsakiyar fure.

Na yarda harantama ita kaɗai ba za ta ƙawata gaban ofis ba, furenta ƙanana ne, ba ta da ƙamshi. Sai a haɗa ta da 'yan'uwanta biyu da an riga an saba da su a lambunan ƙasan nan, watau ziniya da marigol, dukansu 'yan Meziko, dukansu masu son rana. Ziniya tana da ja, da rawaya, da fari, da ruwan hoda, takan yi fure wajen wata biyu bayan shuka. Ba ta son a jiƙa mata ganye, a gindi a ke zuba mata ruwa. Marigol kuwa bayan ado tana da wani aiki: in an cika kwali da ita wata biyu ko uku, saiwarta tana rage tsutsar nan da ido ba ya gani, mai sa saiwar tumatir da kuɓewa ta yi ƙulu-ƙulu, sa'an nan a cire ta a dasa tumatir a gurbin. Su biyun suna son ruwa sa'ad da su ke ƙanana, in sun kama ƙasa kuwa suna haƙuri. In an shuka su cikin Agusta, damina ce za ta rene su, su yi fure cikin kaka, a raka su da ruwan ɗauraya har cikin hunturu. Abin da ya fi, irinsu ba sai an saya kowace shekara ba. A bar kai ya bushe a jikin uwa, a tsinke, a murje, a zuba a ambulan, a rubuta suna da wata. Kowane ɗalibi zai iya fita daga kwalejin nan da ambulan biyu a aljihu tare da takardar shaidarsa.

Ban ce a tumɓuke wardi ba. Akwai wanda ya shuka shi da ƙauna, kuma in an bar gindi biyu ko uku don yara su san kamanninsa, ba laifi. Roƙona ga hukumar kwaleji da malamin aikin gona ƙarami ne. A ba ajinmu filin nan na bayan ɗakin kwana na biyu, inda ruwan wanke hannu da na alwala ke malala a banza yana tara sauro. Za mu ja masa 'yar hanya, mu yi kwali uku, ɗaya na harantama, ɗaya na ziniya, ɗaya na marigol. Ruwan da aka sa wa bilic ko mai zafi ba zai shiga ba, kuma wadda za a ba zomaye daga gefen ruwan alwala za a yanko. Ba za mu ɗebi ko bokiti ɗaya daga burtsatse ba. Za mu ajiye littafi, mu riƙa rubuta ranar shuka, da ranar fure, da irin ƙwarin da suka zo, da ranar da kowanne ya bushe. A ƙarshen watan Maris mai zuwa a zo a duba namu, a duba na gaban ofis. In namu ya kasa, ni da hannuna zan rubuto wa Edita in faɗa, a buga a wannan shafi.

Mu shida ne muka yi alkawari zuwa yanzu, huɗu maza, biyu mata. Duwatsun kewaye mun fara tarawa. Wanda ke so ya shiga ya same mu bayan ɗakin kwana na biyu ran Asabar da ƙarfe bakwai na safe, ya zo da fartanyarsa, in kuma akwai ziniya ko marigol a gidansu, ya tsinko mana busasshen kai ko guda ne.